Gani Ya Kori Ji: Hakkin Wani Mai Zane a Wuyan Manazarta Hausa

Akwai wata tambaya da ta zame wa 'yan bokonmu jiki, wadda da zarar an tsayar da ɗayansu gaban zanen zamani ita ce take fara fita daga bakinsa: "Wannan kuma hoton mene ne?" Idan aka ce masa ga doki nan, ga mahayi, ya duba bai ƙirga kofato huɗu cif ba, sai ya taɓe baki ya wuce, a ransa ya riga ya yanke hukuncin cewa mai zanen bai iya ba. Idan kuwa aka ce masa ba hoton kome ba ne, launi ake so ya kalla, to, an ba shi abin dariya na mako guda. Wannan tambaya, a nawa ganin, ita ce babbar shaidar wata makanta da ta kama mu, mu masu nazarin harshe da adabi da al'adun Hausa. Ita ce kuma ta sa wani gwanin launi ya zauna a tsakiyarmu shekara 23, ya yi karatu, ya yi aiki, ya koyar, ya rasu, ba tare da alƙalumanmu sun biya shi hakkinsa ba. Mutumin shi ne Gani Odutokun na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ma'aunin da muke auna irin aikinsa da shi aro ne, kuma mugun aro, domin kakanninmu ba da shi suka auna kyau ba.

Wane ne Gani?

An haifi Gani Odutokun a shekarar 1946 a garin Nsawam na ƙasar Gana, iyayensa kuwa Yarabawa ne mutanen Offa ta Jihar Kwara. Ya shiga sashen koyar da zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello a 1972, ya sami digiri na farko a 1975, na biyu a 1979, ya kuma ci gaba da koyarwa a wannan sashe har ƙarshen rayuwarsa. Sashen ba ƙaramin gida ba ne a tarihin zane a Nijeriya. A cikinsa ne, tun yana ƙarƙashin tsohuwar kwalejin da jami'ar ta gada, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon Turawa ido rufe ba, sai sun gauraya abin da aka koya musu da abin da suka gada. Waɗannan sun gama karatu sun koma Kudu. Gani ya zo bayansu, shi kuwa ya zauna.

A ƙarshen shekarun 1980 ya haɗu da abokan aikinsa, cikinsu har da Jerry Buhari da Jacob Jari da Tonie Okpe, suka kafa wata ƙungiya mai suna The Eye, wato Ido, wadda ta riƙa buga mujalla kan sha'anin zane a lokacin da takarda da tawada suka yi tsadar da ta durƙusar da mujallu da yawa. A watan Fabrairu na 1995, a kan hanyarsu ta komowa daga wani baje kolin zane-zane da aka yi a Legas, haɗarin mota ya rutsa da shi tare da wasu abokan sana'arsa, ya rasu yana da shekara 48. A wannan shekarar aka nuna aikinsa a wani babban baje kolin zanen Afirka a Landan. A shekarar 2000 kuma aka sake shirya wani a birnin, a harabar makarantar nazarin Afirka da ƙasashen Gabas, takanas domin shi da tasirinsa. Mai karatu ya lura: makarantar da aka daɗe ana koyar da Hausa a cikinta a Ingila ta buɗe masa zaurenta, mu kuwa da muke gida ko shafi ɗaya mun yi masa ƙyashi.

Yadda Ya Sarrafa Launi

Abin da aka fi sanin Gani da shi shi ne tsinka fenti. Maimakon ya ɗebo shi da kauri a bakin burushi ya shafa, sai ya tsinka shi har ya koma ruwa-ruwa, ya zuba a kan ƙyallen zane, ya bar shi ya kwarara, wani launi ya tarar da wani, su gauraya a inda suka haɗu, su rabu a inda suka rabu. Daga nan sai ya dubi abin da ruwan ya bari, ya bi shi da layi, ya tsamo siffa daga ciki, ya danne wani wuri, ya ƙyale wani. Shi ya sa aka sa wa baje kolin shekarar 2000 suna Accident and Design, wato abin da ya auku ba da shiri ba da kuma abin da aka tsara. Tsakanin waɗannan biyu aikinsa yake tsaye.

Mai gardama zai ce, to, ina gwaninta a cikin zubar da fenti? Ai ko yaro ya tuntsurar da gwangwani zai yi haka. Amsa ita ce a je a tambayi marini. Kowa yana iya tsoma fari a cikin baba, amma sanin lokacin da ruwan ya nuna, da yawan tsomin da zai ba da shuɗi, da wanda zai kai shi ga baƙi mai ƙyalli, wannan sai ɗan gado ko wanda ya sha wuyar koyo. Haka launi yake a hannun mai zane, yana da ƙa'idojinsa kamar yadda waƙa take da karinta. Ja da rawaya da ruwan goro launuka ne masu zafi, su kan yi kamar suna matsowa kusa da mai kallo. Shuɗi da kore masu sanyi ne, su kan yi kamar suna ja da baya. Saboda haka mai zane yana iya gina nisa da kusa a kan shimfiɗaɗɗen ƙyalle ba tare da ya ja layi ko ɗaya ba. Idan aka ajiye ja kusa da kore, ko shuɗi kusa da ruwan goro, kowannensu sai ya ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Idan kuwa aka bari suka cakuɗe fiye da kima, sai su kashe juna, a tashi da ruwan taɓo. Fentin da aka tsinka kuma ba ya rufe farin ƙyalle ruf, haske yana ratsa shi ya komo, shi ya sa yake da wata irin walƙiya da mai kauri ba shi da ita. Wanda yake zuba launi ruwa-ruwa yana wasa ne a bakin wannan rami na ruwan taɓo, kuma ba shi da damar gogewa ya sake kamar mai fensir. Dole ya san wane launi zai fara zubawa, wane zai jira, da lokacin da zai ɗauke hannunsa. Gwanintar Gani ita ce launukansa suna haɗuwa ba su mutu ba.

Wanda ya zauna a Jimeta bai kamata a sha wahalar fahimtar da shi wannan ba. Duk shekara idan hunturu ya sauka, hazo yakan shafe duwatsun Bagale da ke hayin Binuwai har su koma wani ruwan toka mai haske, gada da kwale-kwale da masunta su zama inuwa-inuwa, iyakar ruwa da sama ta ɓace. Idan damina ta faɗi, dutsen nan dai shi ne zai fito kore shar, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Dutse bai motsa ba, kogi bai sauya hanya ba, launi ne kawai ya sauya, amma zuciyar mai kallo ba ɗaya take ba a lokutan biyu. Abin da mai zane irin Gani yake farauta ke nan. Mai tambayar "hoton mene ne" yana neman dutsen, alhali maganar tana cikin hazon.

Kada kuma a ɗauka ado kawai ya yi da launi. Yana da jerin zane-zane a kan sarki, waɗanda ya yi a zamanin mulkin soja, mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ma'anar sunansa take nuna sarki yana raha da janar-janar ɗinsa. Zamani ne da doka ta huɗu ta 1984 ta riga ta kai 'yan jarida kurkuku, kowa ya san farashin faɗin gaskiya ƙarara. Gani bai zana fuskar kowa ba, bai ambaci sunan kowa ba, ya bar siffofin masu mulki suna narkewa cikin fentin da ya kwarara. Wannan a adabinmu sunansa habaici, kuma mun cika kundaye da nazarinsa a bakin makaɗan fada. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Me ya sa muka gane habaici da ya zo ta kunne, muka kasa gane shi da ya zo ta ido?

Ma'aunin Aro

Yanzu bari mu koma kan tushen cutar. Daga ina muka samo ra'ayin cewa kyan zane shi ne ya yi kama da abin da aka zana? Lalle ba daga gida ba. A dubi ƙoran da matan Adamawa suke sassaƙawa da ƙonawa, na Fulani da na Bata da na Yungur, waɗanda wani Bature mai suna Chappel ya tattara ya yi littafi sukutum a kansu a 1977. Babu wanda ya taɓa ɗaukar ƙwaryar amarya ya ce, hoton mene ne wannan? Ana duban yadda baƙin ƙuna ya zauna a kan rawayar ƙwarya, da yadda layi ya bi layi har ya zagayo bai yi karo ba, a ce wance ta iya. A dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, a dubi dagi a bangon soro, a dubi jan karan dafi a kan fatar dukawa, a dubi zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani da ja da rawaya da kore. A dubi bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Duk cikin waɗannan babu inda kamanni ya zama alƙali. Tsari da launi su ne alƙalai.

Ma'aunin kamanni ya shigo mana ne tare da kyamara da littattafan firamare masu hotuna da kalandar kamfanoni. Wato ke nan, wanda yake korar zanen zamani da sunan wai baƙon abu ne, shi ne yake riƙe da baƙon ma'auni bai sani ba. Abin dariya, yaro ya tsinci haƙori. A yau kuwa da kowane ɗan makaranta yake da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, kamanni ya zama abu mafi araha a kasuwa. Idan iyakar aikin mai zane shi ne ya fitar da hanci kamar hanci, to, waya ta riga ta karɓe masa sana'a. Abin da ya rage masa shi ne abin da tsohuwa mai ƙwarya ta sani tun fil azal.

Harshen ma da muke tinƙaho da shi shaida ne a kanmu. Bahaushe bai tsaya ga fari da baƙi da ja ba. Yana da shuɗi da kore da tsanwa da algashi da rawaya da shunayya, yana da ruwan ɗorawa da ruwan makuba da ruwan hoda da ruwan ƙasa. A kan doki kaɗai yana da akawal da kili da danda da bidi da hurde da gunya. Bafulatanin da yake kiwo a fadamun Binuwai kuwa yana da sunayen launin shanu da za su cika shafuka, yana rarrabe saniya da saniya a garken da baƙo zai ce duk farare ne. Al'ummar da ta ƙirƙiro waɗannan kalmomi ba makauniya ba ce. Mu ne jikokinta muka mayar da su jerin misalai a darasin ilimin ma'ana, muka hana su aikin da aka yi su dominsa, wato bayyana abin da ido ya gani.

Hanzarin Masu Hanzari

Na san hanzari uku da za a kawo. Na farko, za a ce Gani ba Bahaushe ba ne, me ya haɗa sashen Hausa da shi? Wannan magana ko a Kano ba ta da ƙafa, balle a Yola. A kasuwar Jimeta, Bafulatani da Bacama da Kilba da Margi da Camba da Hausa suke ciniki, kuma galibin ɗaliban da suke cika azuzuwanmu ba da ita aka yi musu rarrashi a goye ba. Idan muka fara tambayar asali kafin mu yaba aiki, da kanmu za mu fara. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a Samaru, ya zana hawan daba, ya sha hazon da muke sha, ya horar da 'ya'yan Arewa, aikinsa ya shiga tarihin ƙasar Hausa ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba. Kuma ko da za a karɓi wannan hanzari, ina abin da muka rubuta a kan namu? Musa Yola, mai zanen bango da ya yi aiki a ƙasar Zazzau, wanda sunan garin nan yake manne da nasa, sai da wani malami Bature, David Heathcote, ya zo ya kula da aikinsa a shekarun 1970. Ashe ba asali ne ya hana mu ba, ko-in-kula ne.

Na biyu, za a kawo maganar addini. Malamai sun yi bayani mai tsawo a kan surar abu mai rai, kuma wannan fage nasu ne, ba na mai wannan alƙalami ba. Abin da kawai zan ce shi ne, ba a kan launi da tsari aka yi saɓanin ba, don da haka ne da ba a ƙawata masallatan duniyar Musulmi ba, da kuma alaramma bai yi zayyana ba. Abin mamaki ma shi ne, zanen da ya nisanci kamanni shi ya fi nisa da wurin saɓanin, amma shi muka fi yi wa dariya, alhali hotunan 'yan siyasa masu kama da su sak sun rufe bangayen gari tun daga Jimeta har cikin Yola babu mai ɗaga murya.

Na uku ya fi sauran nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Za a ce wannan salo ya buɗe ƙofa ga malalata, waɗanda ba su iya zana ko tulu ba, su watsa fenti su ce sun yi fasaha. Haka ne, akwai su. Amma Gani kansa gwanin zanen hannu ne, da gawayi da fensir, kuma sai da ya mallaki layi sannan ya saki ruwa. Waƙar da ba ta da amsa-amo ita ma ta buɗe ƙofa ga waɗanda ba su san kari ba, duk da haka ba mu rufe nazarin waƙa ba. Maganin jabu shi ne a sami masu ido da za su rarrabe shi da na gaske, su faɗa, su kafa hujja. Wannan kuwa shi ne aikin manazarci, kuma shi ne aikin da muka gudu muka bari.

Abin da Ya Bari

A shekarar 2025 Gani ya cika shekara 30 da rasuwa, amma hannunsa bai ɓace daga zanen Nijeriya ba. Jerry Buhari, wanda ya zama farfesa a wannan sashe, ya ɗauki launi mai kwarara ya yi magana da shi a kan lalacewar ƙasa da muhalli. Mu'azu Mohammed Sani ya bi hanyar watsa fenti ya mayar da ita tasa. Duke Asidere, wanda ya yi suna a Legas, yana cikin ɗaliban da ba su ɓoye bashin da malaminsu yake bin su ba. Babu ɗaya daga cikinsu da za a ce kwafin Gani ne, kuma wannan shi ne alamar malamin ƙwarai, domin ido ya ba su, bai ba su hatimi ba. Ɗaliban ɗalibansa kuwa sun bazu a jami'o'i da kwalejojin ilimi na Arewa suna koyarwa.

Yana da wani zane na 1991 da ya kamata kowane ɗalibin al'ada ya sani, wanda ya kira zance da Mona Lisa, wato matar nan da Leonardo na Italiya ya zana shekaru 500 da suka wuce. A ciki, wani mutum-mutumin Afirka yana zana ta, ita kuma tana sassaƙa shi. Duk muhawarar da muke tafkawa a kan cuɗanyar al'adu, da wa ya ari na wa, ga ta nan a takarda guda. Mu da muke kwana muna gardama a kan tasirin finafinan Indiya a adabin kasuwar Kano, da mun leƙa maƙwabta da mun tarar an riga mu tunani.

Kammalawa

Ba ina kira ne a mayar da sashen Hausa sashen fenti ba. Abin da nake nema kaɗan ne. A bincika kundayen neman digiri da suke jibge a sassanmu, a ƙirga nawa aka yi a kan makaɗa da maroƙa, nawa kuma aka yi a kan masu zane. Abin da lissafin ya bayar shi zai yi mana hukunci. Daga nan malamanmu su yarda ɗalibi ya ɗauki mai zane ɗaya, ko mai ƙwarya ɗaya a ƙauyukan Girei ko Song, ya yi nazarin launinsa kamar yadda ake nazarin salon mawaƙi. Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola duk suna da masu koyar da zane da tsara fasali. Tsakaninmu da su tafiyar ƙafa ce, a zauna da su a daidaita kalmomin wannan fanni da Hausa kafin kalmomin aro su cinye wurin. Masu rubuta waƙa da ƙagaggun labarai a wannan mujalla kuma su daina gamsuwa da "kyakkyawa fara sol" da "dare baƙi ƙirin", su koyi kallo, domin marubucin da bai iya gani ba rabin marubuci ne.

Yaron da ake duka a aji saboda ya cika bayan littafinsa da zane, yana nan a Jimeta yau, kuma ba zai san abin da yake hannunsa baiwa ba ne sai ya ji an yi maganarsa da mutunci cikin harshen da yake ji. Idan mun ƙi, wata rana daga Landan za a aiko mana da labarinsa, mu yi ta fassarawa. Allah ya buɗe idanunmu, ya sa mu dace.